Tururuwar da ke Kitson Zara

Shekarar da Nasara ke kwasar raƙuman mutane saboda yaƙinsu, kumandansu mai mulkin yankin ya zo rangadi Dakoro, gardinsa, wato dogarinsa, ya cafke akalar taguwar wani mutum, Intalla. Ita ke nan gare shi, nononta ƴaƴansa ke sha. Intalla ya durƙusa yana magiya, matarsa Zara na bayansa tana tsaki.

Kumandan ko kallonsa bai yi ba. Idonsa na kan kitson Zara, inda ta ɗaure wani ƙaton dutsen ambar, gadon kakarta. Ya matso, ya ƙura ido, sai ga shi yana rawar jiki kamar yaro ya ga alewa.

Tafinta ya ja Intalla gefe. "Ya ce wannan ƙaron itace ne da ya daskare tun kafin kakan kakanka, ga tururuwa a ciki, ita yake so. Kawo shi da la'asar, ka karɓi taguwarka."

Tururuwa! Intalla ya ce a ransa, lalle haukan Nasara ba ya da magani. Amma murna kamar ta kashe shi. To, shi mutum ne da ba ya yi wa mace bayani, a ganinsa zubar da girma ne. Abin da ya ce mata kawai: "Kwance kitso, kumandan na son dutsenki." Ya wuce masallaci abinsa.

Zara kuwa ƴar mutunci ce. A gidansu ko ƙwarya ba a miƙa wa babba sai an wanke. Ta ɗaga dutsen a rana, kunya ta kama ta. A kai wa mai mulki kyauta da mushen ƙwaro? Allah ya kiyaye! Ta gasa basilla a wuta, ta yi ta ƙwaƙula har ta fiddo tururuwar, ta shafe dutsen da man shanu, ta ƙulle a tsumma.

Da la'asar suka kai ƙullin, kumandan ya kwance tsumman da kansa. Ya juya dutsen, ya leƙa ramin, fuskarsa ta yi jawur. Ya ajiye shi a tafin Intalla, ya ɗaga wa gardi hannu. Aka kora taguwa hanyar Kornaka, Intalla na tsaye baki sake, hawaye na bin rawaninsa.

Zara ta taɓe baki. "Ka ga mutumin nan, Malam? Ko godiya babu! Yo da na bar masa ƙazantar, ai da har kai za su tafi da kai."