Rumbun Baba Bibbiyu

Mahaifinmu mai ɗaukar hoto ne, kuma bai taɓa iya sayen abu guda ɗaya ba. Laima biyu, tocila biyu, kwaɗo biyu a ƙofa ɗaya. Shi ya sa 'yan layinmu suka laƙaba masa Bibbiyu, sunan ya bi shi har ƙarshen rayuwarsa. Umma kuwa ba ta yarda kwabonta ya yi ciwon kai a banza, don haka a cikin wannan rigimar muka tashi. "Saura ka sayo kai na biyu," in ji ta, "idan wannan ya yi ciwo ka canza." Shi dai dariya yake yi, ya ce kaya ba su da alkawari.

Sau ɗaya tak ta yi nasara a kansa. Lokacin da ido ya fara ba shi matsala ya rufe shago, ya tattara hotuna da bidiyon gidanmu kaf ya zuba a ma'ajiyar kwamfuta, wani ɗan baƙin akwati da yake kira rumbu. Ya so ya sayi biyu. Umma ta nuna masa rufin ɗaki yana yoyo, ya sunkuyar da kai ya sayi ɗaya.

Bayan rasuwarsa rumbun ya koma hannuna, ni ce auta. Wata safiya na jona shi sai na ji yana ƙas, ƙas, kamar ɓera a bayan kabad. Na gaya wa Umma, mayafinta kawai ta ɗauka ta riga ni fita.

Shagon mai gyara ɗan tsukuku ne, matattun kwamfutoci a jibge har rufi, ga warin darma, ga fanka tana juya zafi. Ya kara kunnensa a jikin rumbun ya girgiza kai.

"Mama, wannan yana kan gargara. Sai a kwashe yanzu, kuma ban yi alkawarin zai kai mu ƙarshe ba."

Ya jera mana sababbi uku a kan tebur. Na farko ƙato ne ga arha, amma ko shi mai gyaran bai san kamfanin da ya ƙera shi ba. Na biyu siriri ne, babu abin da ke juyawa a cikinsa, sauri kamar walƙiya, sai dai cikinsa ba zai ɗauki rabin kayan Baba ba, tsadarsa kuma ta sa Umma ta yi salati. Na uku babba ne, ba ya gaggawa, yana da garanti.

Ni mai saurin na nuna, don a ganina tsere muke yi da mutuwa. Mai gyara ya ce, "Ƙanwata, ko doki kika kawo, tafiyar tsohon rumbun nan za a bi. Shi ne mai jan ƙafa."

Umma ta ɗaga na ukun tana auna nauyinsa a tafin hannu, yadda take yi wa sabulu a kasuwa. "Ɗana, gaya mini gaskiya. Wanne ne ba ya mutuwa?"

"Babu shi, Mama. Wani dai ya fi wani daɗewa."

Ta zaɓi na ukun, ta taya shi tayin da ya sa mai gyara ya share gumi, sannan aka jona tsoho da sabo. Ya juyo da allon wajenmu ya ce mu faɗi abin da za a fara kwashewa, don abin da aka bari a baya wataƙila an bar shi ke nan.

Na fara lissafi: hotunan auren yayyena, nasu suna jarirai, na tsohon gidanmu mai bishiya a tsakar gida. Umma ta katse ni.

"Nemo inda ya rubuta Shara."

Na dube ta. Nan ne Baba yake jefa abin da ya lalace, hoton da ya yi duhu da wanda wani ya rufe ido.

"Umma, shara fa?"

"Auta, a duk waɗancan da kika lissafa, a wanne kika ga ubanki?"

Ban taɓa lura ba sai ranar. Dubban hotuna, kuma ba ya cikin ko ɗaya, don kullum shi ne a bayan kyamara yana cewa a ɗan matso, a ɗaga haɓa.

Aka fara da Shara. Layin da ke kan allo yana tafiyar hawainiya, tsohon rumbu yana ƙas, ƙas, mu kuma mun ƙura masa ido kamar masu jinya. Shara ta wuce, hotunan jarirai suka bi baya. Ana tsakiyar na aure ƙarar ta ɗauke. Mai gyara ya cire ya mayar, ya sake cirewa ya mayar, sannan ya tura tabaransa goshi ya ce mu yi haƙuri. Tsohon gidanmu da bishiyarsa sun tafi, kuma har yau abin yana ci mini rai.

Umma ta ce a buɗe mata wani bidiyo a cikin Sharar. Sai ga fuskar Baba ta cika allo, ya kanne ido ɗaya yana gyara kyamara a kan ƙafafunta. Ranar ya so ya ɗauke mu gaba ɗaya har da shi, ashe maɓallin bidiyo ya danna. Ya rugo da gudu, takalminsa ɗaya ya fita, ya zauna kusa da Umma yana haki. Ga mu nan a jere mun daskare, haƙora a waje, muna jiran hasken da ba zai zo ba. Can sai muryar Umma ta fito ta tsakanin haƙoranta:

"Da duka biyun ka kafa, da ɗayar ta ɗauka."

Baba ya fashe da dariya har ya kifa kansa a kafaɗarta. Na manta yadda dariyarsa take, wallahi na manta, sai da na ji ta a shagon nan. Na yi kuka ban ji kunyar kowa ba.

Umma ta sa aka maimaita mata. Da ya ƙare ta goge ido da gefen mayafi, ta dubi sabon rumbun da yanzu shi kaɗai yake riƙe da dariyar mijinta. Mai gyara ya fara naɗe shi a leda, ta dafa hannunsa.

"Ɗana, akwai irinsa?"

"Akwai, Mama."

"Kawo. Ka zuba mini a duka biyun."

Wannan karon ko tayi ba ta yi ba.