Baba Mai Awon Kogi

"Ƙara murya, 'yata," ya ce. "Sun zo kan maganar ruwan?"

Na murɗa rediyon, na matso da ita kusa da matashinsa. Maƙwabcina ne, bango ɗaya ya raba ɗakinsa da shagon ɗinkina. Baba Mai Awo muke ce masa, don shekara talatin da huɗu ya yi yana auna zurfin kogi a gindin gada, safe da yamma. Matarsa ta rasu, ɗansa ɗaya tilo yana aiki a ƙasar waje. Tun da ciwon ƙirji ya kwantar da shi, ni ce mai leƙa shi.

Ranar nan ƙasashe ukun da kogin ya ratsa suke taro kan rabon ruwa. Bara wasu masana suka zo da mota suka kwashi littattafan da yake rubuta awon a ciki kaf, suka ce su ne za su nuna yadda ruwa ya ja baya tun da aka gina madatsa a can sama.

Mai karanta labarai ya ce ƙasar da ke da madatsar ta ƙi yarda da alƙaluman, wai awon hannu ne, ba na na'ura ba. An cire shafin daga rahoton. Za a sake zama bayan shekara biyu.

"Awon hannu," ya maimaita. "To, da ƙafa suka so in auna?"

Ya fara dariya, ta rikiɗe ta zama tari. Na tallafo kansa na ba shi ruwa.

"Baba, kar ka sa abin a ranka."

"Ranar da aka haifi yarona ma sai da na je gada. Uwarsa ta yi sati ba ta kula ni ba." Ya juyo ya dube ni. "Ban taɓa rubuta abin da idona bai gani ba."

"Na sani, Baba."

"To, ke kaɗai kika sani."

Bayan kwana uku, da hantsi, ya cika. Ina taka keken ɗinki a lokacin, ƙarar ta hana ni jin ko ya kira. Ɗansa ya bugo waya yana kuka, ya ce bai samu jirgi ba.

Da mutane suka watse na shiga share ɗakin. A bayan ƙofa na tarar da dogayen takalmansa na roba na shiga kogi, ɗaya ya jingina da ɗaya, laka ta bushe a jikinsu har wuya.