Giɓin da ke Jikin Datsi

Ruwan da aka yi a Riyad cikin Nuwambar 2013 bai wuce yini biyu ba, amma ya bar wa Jibrin aikin wata guda. Gonar da yake aiki tana can kudu da gari, a bakin kwari, kuma ambaliya ta share datsin da ke karkato da ruwan rafi, ta cike magudanar da yashi. Kafilinsu, wato Balaraben da ya ɗauko su aiki, ya zo ya duba ɓarnar, ya ce gona ba ta iya riƙe mutum biyu. Wanda ya fi amfani a gyaran nan shi zai sabunta wa igama, wato takardar izinin zama, ɗayan kuwa ya nufi gida.

Su biyu ne dama, Jibrin mutumin Kura da Issoufou mutumin Maraɗi. Shekara uku suna ci a kwano ɗaya, amma tun daga ranar kowa ya fara kallon hannun ɗan'uwansa.

Jibrin a noman rani ya tashi, kuma a wurinsa datsin da ke yoyo abin kunya ne. Ya jera buhunan yashi, ya danne da duwatsu. Washegari ya tarar an cire buhu huɗu daga gefen gabas, an bar giɓi. Ya mayar, aka sake cirewa. Da ya tambaya, Issoufou ko musu bai yi ba.

"Ni na cire, Malam Jibrin. Ruwan gulbi ba a ruhe mishi ƙofa duka. In ya taso, nan za ya ɓalle, gona ta tsira."

Jibrin ya gyaɗa kai kawai. Amma da ya bi sawun ruwan da ke tsiyaya ta giɓin, sai ga shi ya gangara gonar maƙwabta, inda Moussa, ɗan garin su Issoufou, ke noman ganyen da ake kaiwa kasuwar Aziziya. To, biri ya yi kama da mutum. Ko dai Issoufou na shayar da ɗan garinsu ne, ko kuma so yake datsin ya karye a ce aikin Jibrin ne. Daga nan komai ya zama shaida. In Issoufou ya ɗaga waya, da Moussa yake magana. In ya yi shiru, wani abu yake ƙullawa. Har shayin da ya miƙo masa sai da Jibrin ya shinshina.

Ranar da kafili ya dawo, Jibrin ya ja shi gefe, ya nuna masa giɓin da koren ganyen Moussa, da ɗan Larabcinsa na kasuwa. Bai yi ƙarya ba, bai kuma faɗi abin da Issoufou ya ce ba. Cikin mako aka sallami Issoufou. Ya ɗaure jakarsa, ya nemi gafara kamar yadda matafiyi ke yi, bai tambayi kowa dalili ba. Jibrin ya kwaɓa siminti ya toshe giɓin, ya shafe shi sumul.

Ruwa ya dawo wata ranar Talata bayan azahar. Kwarin ya cika ya tumbatsa, datsi kuwa ko gezau. Da ruwan ya rasa ta inda zai wuce, sai ya juyo gaba ɗayansa ya afka magudana, ya fasa ta gida uku, ya bi ta kan dashen dabino ɗari biyu. Jibrin na tsaye a kan tudu, diga a hannu, yana kallo. Ya gane amfanin giɓin nan tun kafin ruwan ya janye, kuma kunya ta fi tsoro kama shi.

Kafili ya iso da safe, ya taka cikin taɓo har bakin datsi. Ya bubbuga simintin da ƙafa, ya ce a duk gonar wannan kaɗai ne aikin kirki, magudanar da ta fashe kuwa ai wancan ɓarawon ruwan ne ya haƙa ta.

"Kawo fasfonka gobe, ya Jibril. Kai za ka zauna."

Jibrin ya buɗe baki. Ya tuna 'ya'yansa huɗu a Kura.

"Shukran," ya ce.