Man Ƙosai a Injin Ban-Ruwa

A Pantai Dalam, can a ƙasar waje, akwai wani inji da in ya tashi maguna ke taruwa a bakin taga, don hayaƙinsa ƙamshin soyayyar kaza yake yi. Injin gwaji ne na jami'a. Mai kula da shi Sirajo ne, ɗan Kadawa da gwamnati ta turo karatu. Yakan bi shagunan abinci na bakin titi da ake kira mamak yana karɓar man da aka gama suya da shi, ya tace, ya haɗa da sinadarai, har ya zama abin da injin dizal zai sha.

Ranar da injin ya fara tashi, murna ta sa ya ɗauki bidiyo ya tura gida. Bai yi bayani ba. Cewa kawai ya yi, "Baba, ga man suya yana juya inji."

A gida kuwa fetur ya fi ƙarfin mahaifinsa, Malam Kalilu. Albasarsa ta fara ƙwai tana neman ruwa, injin ban-ruwansa guda ɗaya tak yana zaune babu mai.

Wata la'asar Sirajo na ƙofar ɗakin gwaji yana jiran ruwan sama ya tsagaita, injin na aiki a ciki, sai ga wayar mahaifinsa.

"Sirajo, naka injin ma sai da ya yi tari kafin ya kama?"

"Wane tari, Baba?"

"Wurin Iya mai ƙosai na je, ta ba ni baƙin man da ta gama suya da shi. Da hular kaina na tace shi tas. Na zuba, ya tashi, ya yi farin hayaƙi, ya mutu. Tun jiya nake jan igiya."

Sirajo ya dafa bango. "Baba, naka na fetur ne. Nawa na dizal ne, kuma sai an sarrafa man tukuna."

"Ai ba ka faɗa ba." Babu faɗa a muryar tsohon. "Makaniki ya ce sai an kai shi Kano an buɗe cikinsa, wai wani makon. Albasa kuwa ba ta san wani mako ba, ganyen ya fara kwanciya. Amma ƙamshi kam ya yi, har yanzu gonar kamar bakin tasha."

 A gaban Sirajo ruwa ya cika kwata yana gudu, ba mai bukatarsa.

"Ƙarar me nake ji haka? Ruwa ake yi a wurinku?"

"Ana yi, Baba."

"To, madalla."

Wayar ta katse. Sirajo ya koma ciki ya kashe injin. Magunan ba su tashi daga tagar ba.