Daƙiƙa Tara

Shekara biyu Tolib da matarsa Mavluda suka yi suna haɗa wasan kwamfuta a ɗakinsu na Tashkent, bayan an sallame shi daga aiki. Shi ke rubuta shirin, ita ke zana dawakai da duwatsu, ɗigo bayan ɗigo. Da shigowar sanyi ta rasu. Ta bar zane sittin da huɗu a faifan kwamfuta.

Ya kai wasan kasuwar kayan rediyo, rumfar Shavkat mai sayar da faifai. Kafin wasan ya tashi sai da aka ci daƙiƙa hamsin. Shavkat ya zuba koren shayi, ya shanye, ya kife kofi.

"Yaya Tolib, wannan wasa ne ko layin gurasa? Kafin dokin ya fito ai mahayin ya yi furfura."

'Yan rumfa suka yi dariya. Tolib ya zare faifansa ya tafi.

Ya watsar da shirin lodi na kowa da kowa, wato mai ɗauko wasa daga faifai zuwa kwamfuta, ya rubuta nasa. Ya sake jera bayanan wasan a faifai yadda na'ura za ta kwashe su a zagaye ɗaya, ba sai ta jira na biyu ba. Ya gwada, ya sauya, ya sake gwadawa, har wata uku. Faifai yana da wuyar samu a lokacin, don haka ya riƙa goge tsofaffin yana gwaji a kansu. Da ya gama, faifai ɗaya ne kawai ya rage mai ɗauke da wasan da zanen Mavluda. Shirin lodi da jadawalin da ke nuna inda kowane bayani yake suna zaune a zobe na farko na faifan, kuma babu abin kwafi a garin da zai karanta sauran. Wannan ma ya yi masa daɗi, don ba mai iya satar wasan.

Ya koma kasuwa. Daƙiƙa tara wasan ya tashi. Shavkat ya riƙe baki, sannan ya ba shi shawara ya kwafe jadawalin a takarda tun kafin a yi nisa. Tolib ya ce kansa ya ishe shi takarda.

Mutane suka taru, kowa da agogonsa, ana cewa a sake. Aka sake sau goma sha ɗaya. A na sha biyu na'urar Shavkat, wadda ba ta taɓa ganin tsumma ba, ta yi ƙara kamar an ja ƙusa a kan kwano.

Shavkat ya ɗaga faifan ga haske. Karce ɗaya, siriri, a bakin gefe.

"Zoben farko ne kawai, Yaya. Sauran duk suna nan."

"Na sani," in ji Tolib.

Suna nan ɗin kuwa, har da zanen Mavluda duka, amma ba a isa gare su sai da jadawali. Shirin lodin ya sake rubuta shi cikin mako guda. Jadawalin ne ya ƙi, don lambobi ne fiye da dubu da ya samo ta gwaji.

Kullum da safe yana zama ya canki jeri. A wata na bakwai rabin kan doki ya fito a allo, da ido ɗaya. Bai kashe kwamfutar ba har aka ɗauke wuta.