Yatsan da Samfefa Ta Cinye

Shekara goma sha tara Lawan yana gugar katako a shagon kujeru na Alhaji Maliki da ke Malali, har samfefa, takardar gugar katakon, ta cinye zanen yatsunsa. Bai lura ba sai da Alhaji ya kafa na'ura a bakin ƙofa. Kowa ya iso zai dangwala mata yatsa, sunansa da lokacin zuwansa su faɗa wayar Alhaji yana gida.

Lawan kan baro gidansa a Rafin Guza gari na wayewa, ya riga kowa. Amma in ya dangwala, jar wuta ke kamawa. Ya shafa yatsan a goshi, ya hura masa iska, ya sake. Wani lokaci sai takwas ta gota kafin ta yarda shi ne.

Ismail, wanda aka ɗauka bara yana zana kujeru a kwamfuta, bakwai da rabi yake zuwa. Taɓawa ɗaya, koriyar wuta.

"Baba Lawan, yau ma ba ta gane ka ba? Ko ka yi musayar hannu a hanya ne?"

"Hannun da bai san aiki ba ai dole ta gane shi."

Sai Alhaji ya sanar cewa a ƙarshen wata zai ba da makullin sito, da shugabancin shago, ga wanda na'ura ta nuna ya fi sammako. Lawan ya so ya yi bayani, ya fasa. Bayan shekara goma sha tara, shi ne zai roƙa a shaide shi? Ya koma kallon yatsun Ismail a jikin kofin shayi, sumul, har nasa shayin ya huce.

Ranar Alhamis da sassafe Lawan ya ɗauko samfefa mai laushi daga aljihu, ya goge gilashin na'urar sau uku. Ranar ba ta gane kowa ba. Ya ga Ismail yana shafa yatsa a goshi, ya ji wani daɗi da ya ba shi kunya.

Ranar Asabar Alhaji ya kira Lawan ofis, ya juyo masa waya. Ashe akwai kyamara a saman ƙofa. Ga Lawan da samfefa. Alhaji ya ja hoton baya: Laraba, shida da rabi, Lawan shi kaɗai yana hura yatsa. Talata haka. Litinin haka.

"Mai ɓarna na je nema, Malam Lawan, sai na tarar kai ke riga kowa. Me ya hana ka faɗa mini?"

"Na ɗauka ka sani, Alhaji."

"Yanzu na sani. Duka biyun."

Alhaji ya daɗe yana juya makullin a hannu, sannan ya aika a kira Ismail.

Sabuwar na'urar da aka kafa fuska take dubawa. Ranar Litinin ta gane Lawan nan take, shida da rabi. Ya zauna a benci yana jiran Ismail ya zo ya buɗe sito, don samfefar tana ciki.