Gwiwar Hannun Nicanor Peguero

Jijiyar gwiwar hannun Nicanor Peguero ta tsinke wata Lahadi da la'asar, a filin wasa na San Pedro, a gaban jama'a. Amma ba ranar ta lalace ba. Ta daɗe tana cinyewa, shi ne bai taɓa buɗe baki ya ce tana masa ciwo ba.

A wannan wasa namu na pelota, inda wani ke jefa ƙwallo wani na dukanta da sanda, mai jifa ba ya cewa ciwo. Cewa yake hannu ya gaji. Wanda ya gaji a ba shi hutun kwana biyu. Mai ciwo kuwa gida ake tura shi.

Nicanor ya koyi haka tun yana ɗan shekara sha shida. A unguwar masu saran rake ya tashi, inda yara ke jifan marfin jarka suna duka da sandar tsintsiya. Wani mai farautar 'yan wasa ya ga hannunsa, ya kai shi gidan horon wata ƙungiyar Amurka. Can ya haɗa ɗaki da wani ɗan garin Baní da ya fi shi ƙarfin jifa nesa ba kusa ba. Wata safiya ɗan Baní ya gaya wa mai duba lafiyarsu kafaɗarsa na ciwo. Kafin wata ya ƙare an miƙa masa jakarsa an raka shi bakin titi. Yau acaba yake yi, ya ajiye tumbi. Nicanor ya ga wannan da idonsa, bai kuma buƙaci a ƙara masa bayani ba.

Aka tura shi Amurka, ƙananan ƙungiyoyi, garuruwan da ko sunansu bai iya faɗa ba. Doguwar tafiya a bas, sanyi, cunkoso a ɗaki ɗaya, ana dafa shinkafa da wake a kan rishon da aka ɓoye wa mai gida. Shekara ta bi shekara yana hawa a hankali. Abin da ya ɗaga shi jifa ɗaya ne, mai kwana. Ƙwallo ta taho kamar za ta fasa wa mutum kai, ya kauce, sai ta karyo ta faɗo daidai gwiwarsa. Manyan maza sun sha kai mata duka suna dukan iska. Sai dai kafin ƙwallo ta yi wannan kwanar, dole mai jifa ya murɗe hannu kamar mai matse wanki, kuma gwiwar hannu ke ɗaukar wahalar.

Wani ƙarshen kaka aka kira shi babbar ƙungiya. Ya hau tudun jifa, ya ɗaga kai ya ga bene kan bene na mutane. A lokacin kuma gwiwar ta riga ta fara, kamar an cusa masa ƙusa mai zafi. Da ya faɗa, da ƙungiyar ce za ta yi masa aiki, a ciro wata jijiya a dasa masa, ya zauna shekara da rabi ya dawo. Ana yi wa mutane kullum. Amma shi ɗan Baní yake tunawa. Koci ya tambaye shi, ya ce gajiya ce. Gudun ƙwallonsa ya ragu, aka sallame shi da bazara, lafiyayye a takarda, babu wanda ke da alhakin hannunsa.

Daga nan sai yawo. Meziko, Italiya, wata ƙungiya a Kanada da ke wasa kusa da makabarta. Duk inda ya je da man zafi da ƙwayoyi a jaka. Ya dawo gida yana da shekara talatin da huɗu, ya samu gurbi a wasannin hunturu, ana sako shi tsakiyar wasa in an rasa yadda za a yi.

Mai tare masa ƙwallo a ƙungiyar Bienvenido ne, gajere mai faɗin ƙirji, gwiwoyinsa sun gama aiki saboda tsugunno. Shi ya riƙe 'yar Nicanor a coci ranar baftisma, don haka kompai suke kiran juna. Shi kaɗai ya san gaskiyar hannun, don shi ke karɓar abin da hannun ke aikowa.

Ranar Lahadin, da safe, Yudelka matar Nicanor ta ajiye masa dakakkiyar ayaba da soyayyen ƙwai, ta tsaya tana kallon yadda yake ɗaga kofi.

"Nico, hannun nan rawa yake."

"Kofin ne da zafi."

"Kofin ya huce tun ɗazu. Ƙanena ya ce har yanzu akwai wuri a garejinsa."

"In je ina wanke wa ƙanenki mota? Yaron da na koya wa ɗaure takalmi?"

"Ya koya kuwa. Ga shi yana tafiya da ƙafarsa."

Sai ya gaya mata wani mutum ya zo daga Taiwan neman mai jifa, kuma sunansa na cikin waɗanda za a duba. Kaka ɗaya a can, in ji shi, sai ya ajiye ƙwallo da mutuncinsa. Yudelka ta kwashe kwanuka. Ta ji wannan maganar kafin Meziko, ta ji ta kafin Italiya.

A ɗakin canja kaya Bienvenido ya same shi yana shafa man zafi har idon mutum na ruwa.

"Kompai, kifi za ka gasa ne ko wasa za ka yi?"

"Rufe mana baki, kai da ƙafa kamar ta tsohuwar kujera."

"Kujerar dai ake zama a kai." Bienvenido ya zauna kusa da shi, ya rage murya. "Na ga mutumin naka. Yana bayan raga da hula fara, da abin auna gudu a hannu. Ji nan. Yau miƙaƙƙiya za mu yi ta yi, da mai laushi. Ciki, waje, sama, ƙasa. Mu ruɗa su da wayo irin na tsofaffi."

"Ba wayo ya hau jirgi ya zo gani ba. Mai kwana ya zo gani."

"Mai kwana ta rasu, kompai. Ni na je jana'izarta. Rabonka da ita tun bara, kuma ranar na ga fuskarka."

"Gajiya ce."

"Ni za ka gaya wa gajiya? Ni da na ga kana tsefe kai da hagu?"

"In na nemi mai kwana, ka ba ni alamarta."

"Ba zan ba ka ba."

"To sai mu kwana a filin."

A zagaye na shida aka kira shi. Rana ta karkata, masu ganga da ƙaho na ta yi a kan benci, masu sayar da giya na ratsa mutane. Ya taka zuwa tudu a hankali kamar mai zuwa gona. Wani daga sama ya ƙwala, "Kaka, ina ka baro sandarka?" Aka yi dariya. Bai ɗaga kai ba.

Ka'idar ita ce mai tarewa ya tsuguna ya nuna yatsu tsakanin cinyoyinsa. Ɗaya, miƙaƙƙiya. Biyu, mai kwana. In mai jifa bai yarda ba sai ya girgiza kai, a canja masa. Bienvenido ya nuna ɗaya, ya sake nuna ɗaya. Mai duka na farko ya ɗaga ƙwallo sama aka cafe, aka fitar da shi. Na biyu ya buga ta ƙasa, ƙwallo ta riga shi isa wurin tsayawa, shi ma aka fitar da shi. Wayon tsofaffi na aiki. Amma Nicanor ya saci kallon bayan raga, ya ga mai farar hula ya duba abin aunawarsa, ya ajiye shi a cinya, ya ciro waya yana latsawa.

Na uku wani matashi ne ƙato, sabon dawowa daga Amurka, yana taunar cingam. Bienvenido ya nuna ɗaya. Nicanor ya girgiza kai. Ya nuna alamar mai laushi. Ya girgiza. Ya koma ɗaya. Ya girgiza. Jama'a suka fara ihu. Bienvenido ya tashi, ya ɗingisa har tudu, ya rufe baki da safar fata yadda ake yi don kada a karanci leɓe.

"Kai mahaukacin ina ne? Saura mutum ɗaya mu fita."

"Waya yake latsawa, kompai."

"Ya latsa uwarsa. Ka gama wannan, mu je gida mu buga domino."

"Shekara goma sha takwas ina wannan abu. Ba zan ƙare mutum na kallon waya ba."

"Me zan gaya wa Yudelka?"

"Ka ce na girgiza maka kai."

Alƙalin wasa ya taho yana tafa hannu. Bienvenido ya tsaya yana kallon Nicanor, sannan ya tofar da yawu ya koma. Ya tsuguna. Ya daɗe bai nuna komai ba. Daga baya ya saukar da biyu.

Ta farko ta yi kyau, wannan kam ba mai musu. Matashin ya janye kai, ƙwallo ta karyo ta shige, ya tsaya da baki buɗe har cingam na neman faɗuwa. Filin ya ɗauka. Mai farar hula ya ɗago kai, ya mai da waya aljihu. Nicanor ya ji yatsunsa sun yi dum, amma ya ga an ɗago kai. Bienvenido ya nuna ɗaya da sauri. Nicanor ya girgiza kai.

Ta biyu ba ta kai ko rabin hanya ba. Waɗanda ke kusa sun ce sun ji ƙara kamar an karya ɗanyen rake. Ƙwallo ta gangara gefe, Nicanor ya durƙusa ya rungume hannun a ciki. Bai yi ihu ba. Da mai duba lafiya ya iso da gudu yana tambaya ina ne, ina ne, Nicanor sai numfashi yake.

Mutumin Taiwan ya zauna har ƙarshen wasa. Ya ɗauki wani yaro mai jifa da hagu daga ɗaya ƙungiyar.

Likita a babban birni ya duba hoton, ya ce ƙashin wurin ya goge kamar na ɗan shekara saba'in, jijiyar da ke kai ji zuwa yatsu ma ta taɓu. Ya tambaye shi tun yaushe. Nicanor ya ce ya ɗan jima. An yi aikin, an yi na biyu, hannun bai koma ba. Ya tsaya a lanƙwashe, ba ya miƙewa, ba ya kuma kaiwa baki.

Bienvenido ya zo gaishe shi da leda cike da lemu. Yudelka ta karɓi ledar a bakin ƙofa, ta ce masa mai gidan yana barci, alhali ana jin tarinsa daga ciki. Bai sake zuwa ba, ita ma ba ta sake kiransa kompai ba. Nicanor kuwa, yana da shekara talatin da biyar, da furfura a gemu, ya zauna a teburin gidansa yana koyon riƙe cokali da hagu, rabin shinkafar na zubewa a cinyarsa.